“Baba, Me Ya Sa?”: Yadda Ake Mayar Da Tambayar Yaro Gwajin Kimiyya A Gida

Lokacin da 'yata take shekara huɗu, wata rana ta ɗauki kofin ruwan sanyi, ta shafa jikinsa, ta kalli tafin hannunta da ya jiƙe, ta ce, “Baba, kofin nan ya huje.” Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata bai huje ba, ta sha ta ajiye. Allah ya sa na haɗiye maganar. Sai na ce, “To, ta yaya za mu gane ko ya huje?”

Muka ɗiga kala a cikin ruwan har ya yi ja, muka goge bayan kofin ƙarƙaf, muka zauna muna jira. Ba a jima ba ɗigo-ɗigon suka dawo. Ta sa farin ƙyalle ta goge. Ƙyallen ya jiƙe, amma ko alamar ja babu. Ta yi shiru tana juya shi. Daga nan muka saka kofi wanda ba komai a cikinsa a firji, da ya yi sanyi muka fito da shi, shi ma ya yi gumi. “Daga ina ruwan yake zuwa?” in ji ta. A nan ne kawai na gaya mata cewa akwai ruwa a cikin iska wanda ido ba ya gani, idan ya taɓa abu mai sanyi sai ya taru ya zama ɗigo, kamar raɓar safiya a kan ganye.

Abin da nake so in nuna a wannan jagora ke nan. Yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai ba ya buƙatar a cusa masa sha'awar kimiyya, da ita aka haife shi. Abin da yake buƙata shi ne babba da zai riƙe masa tambayarsa da rai na ɗan lokaci, har ta kai ga an taɓa, an gwada, an gani. Ba sai kun yi karatun kimiyya ba, kuma kusan duk kayan aikin suna cikin gida.

Mataki na farko: kada ku kashe tambayar

Hanyoyin kashe tambaya uku ne, kuma duk mun saba da su: “ka cika surutu”, “haka nan yake”, da amsar ƙarya da ake ƙirƙirowa don yaro ya yi shiru. Ta ukun ta fi illa, domin yaro yana gaskata ku, zai kuma ɗauki ƙaryar ya yi shekaru da ita.

Mutane da yawa suna zaton “me ya sa?” ɗin yara neman a kula su ne kawai. Wani bincike da Brandy Frazier da Susan Gelman da Henry Wellman suka wallafa a 2009 ya nuna akasin haka. Sun lura cewa idan aka ba ƙananan yara amsar da ba bayani a cikinta, sukan sake maimaita tambayar ko su kawo nasu bayanin. Idan kuwa aka ba su bayani na gaske, sukan amince ko su ɗora wata sabuwar tambayar a kai. Wato naci da kuke gani yawanci alama ce ta cewa ba a ba shi abin da ya nema ba.

Idan tambaya ta zo, fara da mayar masa: “Kai me kake gani?” ko “Ke me kike tsammani?” Wannan yana nuna muku inda tunaninsa ya tsaya. Yaron da ya ce “me ya sa dare yake yi?” wataƙila yana tambayar inda rana take zuwa ne, wataƙila kuma duhu yake tsoro. Amsoshin biyu ba ɗaya ba ne.

Idan hannunku a cike yake, ku faɗi gaskiya: “Tambayar nan tana da kyau, ka tuna min bayan na gama.” Sannan ku cika alkawari. Idan kuma ba ku san amsar ba, ku ce “ban sani ba, zo mu bincika.” Ba abin da zai ragu a girmanku. Yaron da ya ji mahaifinsa ko mahaifiyarsa na faɗin haka ya koyi cewa matambayi ba ya ɓata, kuma ya koya daga wanda ya fi yarda da shi.

Mataki na biyu: ya canka kafin a gwada

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Bambancin wasa da gwaji shi ne a gwaji ana faɗin abin da ake tsammani tukuna. Idan yaro ya jefa abu a ruwa ya nutse, ya ga abu ya wuce. Idan kuwa ya riga ya ce “wannan zai yi iyo” sannan ya nutse, to an taɓa masa wani wuri a kai, kuma ba zai bari ba sai ya gane.

Ku samu roba mai faɗi, ku zuba ruwa zuwa rabi. Ku tara abubuwa kamar goma: ƙaramin dutse, cokali, murfin kwalba, guntun icce babba, allurar ɗaure kaya ko ƙusa, ganye, kyandir, makulli, kwalbar roba mai murfi. Kafin komai ya taɓa ruwa, ku sa yaro ya kasa su kashi biyu, na nutsewa a dama, na tasowa a hagu. Kada ku gyara masa ko da kun ga kuskure ƙarara. Sannan a riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya, shi da hannunsa.

Kusan kowane yaro yana zuwa da doka ɗaya: mai nauyi yana nutsewa, mara nauyi yana tasowa. Shi ya sa na ce ku haɗa da babban guntun icce da 'yar ƙaramar ƙusa. Iccen ya fi ƙusar nauyi nesa ba kusa ba, amma ga shi a sama, ƙusa tana ƙasa. Ku bar shi da wannan ruɗanin, kada ku yi gaggawar ceto shi. Ku ce kawai, “Af, to yaya aka yi haka?”

Sai ku ɗauko yumɓu ko irin robar nan da yara ke mulmulawa. Ku dunƙula, ku saka, zai nutse. Ku fito da shi, ku buɗe shi kamar ƙaramin kwano mai siririn baki, ku ɗora a hankali, zai zauna a kan ruwa. Yumɓu ɗaya ne, nauyi ɗaya ne, siffa kawai ta canza. Dalilin shi ne ruwa yana tura duk abin da aka saka masa zuwa sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Kwano yana ture ruwa da yawa, dunƙule yana ture kaɗan. Wannan ne sirrin jirgin ruwa na ƙarfe, kuma Arkimidis, wani masani Bagirke, ya bayyana shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga ɗan shekara biyar ya isa a ce, “Ruwa yana tura shi sama, idan ya yi faɗi ruwa ya fi samun inda zai riƙe shi.” Daga nan ku ba shi tsakuwa ya riƙa ɗorawa a cikin jirgin nasa, yana cankar guda nawa zai ɗauka kafin ya nutse.

Wata rana kuma ku juya lamarin: a bar abin yadda yake, a canza ruwan. Sabon ƙwai yana nutsewa a kofin ruwa. A riƙa zuba gishiri cokali-cokali ana juyawa har ya narke, za a kai inda ƙwan zai ɗago ya taso, saboda ruwan gishiri ya fi ruwan sha nauyi idan aka auna su da kofi ɗaya.

Ƙanƙara ma ta shiga lissafi. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, kuma idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa ƙanƙara take tasowa a kan ruwa. Ku zuba ruwa a kofin roba, ku yi alama a inda ya tsaya, ku saka a sashen ƙanƙara na firji ya kwana. Da safe yaro ya duba alamar da kansa.

Mataki na uku: abu ɗaya ake canzawa

Ana iya koya wa ɗan shekara biyar wannan ƙa'idar da kalmar da ya riga ya sani, wato adalci. Idan za a yi tsere, ba a ba ɗaya takalmi a bar ɗaya da kaya a ka. Haka gwaji: idan ana so a san me ke sa iri ya tsiro, dole komai ya zama daidai sai abu ɗaya.

Ku jiƙa ƙwayoyin wake su kwana. Ku samu kwalaben gilashi uku, ku cusa auduga ko takarda mai laushi, ku saƙala iri biyu-biyu tsakanin audugar da jikin kwalbar yadda za a riƙa ganinsu. Ta farko a jiƙa audugar a ajiye kusa da taga. Ta biyu a bar audugar a bushe, a ajiye kusa da ta farko. Ta uku a jiƙa, a rufe ta cikin kabad mai duhu. Audugar ta kasance da danshi ne kawai, idan iri ya kwanta cikin ruwa ruɓewa zai yi.

Ku tambaye shi abu biyu: wanne zai tsiro, kuma me zai fara fitowa. Yawancin yara za su ce ganye. Cikin kwana biyu zuwa biyar, gwargwadon ɗumin wurin, za su ga saiwa ce ta fara leƙowa, kuma ƙasa ta nufa ko ta yaya aka kwantar da irin. Idan ta yi tsawon ɗan yatsa, ku kwantar da kwalbar a gefe, bayan kwana ɗaya ko biyu bakin saiwar zai lanƙwasa ya sake nufar ƙasa.

Ta kabad ce take ba da mamaki, har ga manya. Tana tsirowa, sau da yawa ma ta fi ta taga tsawo, amma siririya, fara-fara ko ruwan ɗorawa. Irin yana da guzurinsa a cikinsa, shi ya sa bai buƙaci haske don ya tsiro ba. Sai guzurin ya ƙare ne rashin hasken yake nuna kansa, domin da haske ganye yake haɗa wa tsiro abinci. Ku fito da ita taga, cikin 'yan kwanaki za ta fara yin kore.

Mataki na huɗu: ku ja hannunku baya

A 2011 Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu sun wallafa wani gwaji da na daɗe ina tunawa. Sun haɗa wani abin wasa mai bututu huɗu, kowanne da abin da yake yi a ɓoye: ɗaya yana ƙara idan an ja shi, ɗaya yana da fitila, ɗaya yana kiɗa, ɗaya da madubi a ciki. Wasu yaran aka nuna musu a matsayin darasi, ga yadda yake aiki, aka ja bututun mai ƙara. Wasu kuma aka yi kamar bisa kuskure aka ja shi. Da aka bar su da abin, waɗanda aka yi wa darasi sun fi tsayawa kan ƙarar nan kaɗai, ba su daɗe suna wasa ba, kuma sun gano kaɗan daga sauran. Sun ɗauka ne cewa da akwai wani abu da babba ya nuna musu.

Saboda haka idan kun ba yaro maganaɗisu, kada ku ce “yana kama ƙarfe” ku gama masa labari. Ku manna shi sau ɗaya a jikin wani abu, ku ce “ko me kuma zai kama?”, ku koma gefe. Zai zaga gida, zai dawo da dokarsa cewa yana kama duk ƙarfe, sannan ya ci karo da tukunyar aluminiyam ko wayar jan ƙarfe da suka ƙi. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe da abin da aka haɗa da shi, da wasu ƙarafa kaɗan irin su nikel, amma ba kowane mai ƙyalli ba. Gara ya gano wannan da hannunsa, gani ya kori ji. Albert Einstein ya faɗa da kansa cewa yana ɗan shekara huɗu ko biyar mahaifinsa ya nuna masa kamfas, wato na'ura mai allurar maganaɗisu da ke nuna arewa, kuma yadda allurar take nacewa gefe ɗaya ba tare da wani ya taɓa ta ba ya tsaya masa a rai.

Mataki na biyar: abin da sai an yi kwanaki ana kallo

Da safe ku tsayar da yaro a wuri mai rana, ku zana tafin ƙafarsa da alli, ku zana inuwarsa. Ku dawo da tsakar rana, ya taka wuri ɗaya, ku sake zanawa. Ku dawo da yamma. Zai ga inuwar safe doguwa ta miƙe yamma, ta tsakar rana ta takure kusa da ƙafa, ta yamma ta yi tsawo ta koma gabas. Da daddare ku ba shi tocila da kwalba ya yi wasan rana, yana ɗaga tocilar yana saukewa, har ya gane da kansa abin da ke tsawaita inuwa.

Wata ya fi buƙatar haƙuri. Ku fara daga jinjirin wata da ake gani a yamma bayan faɗuwar rana, yaro ya riƙa zana siffarsa kowane dare ko bayan dare biyu. Bayan kimanin mako biyu zai cika, ya riƙa fitowa daga gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa. Zagayen gaba ɗaya kwana 29 da rabi ne. Watan ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma ɓangaren da rana ta haska wanda ya fuskanto mu shi muke gani. Tambayar da ba makawa za ta zo a cikin mota: “Me ya sa wata yake bin mu?” Ku nuna masa yadda bishiyoyin bakin hanya ke wucewa da gudu, dutse mai nisa yana tafiya a hankali. Wata yana da nisan kimanin kilomita 384,000, shi ya sa duk gudun da kuka yi kamar bai gusa ba.

Ku ware masa littafi ɗaya. Shi ya zana, ku rubuta kwanan wata da ainihin kalmominsa, ko da ba daidai ba ne. Bayan wata uku idan kuka karanta masa abin da ya taɓa faɗa, shi zai gyara kansa.

Mataki na shida: idan ya kafe a kan kuskure

Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Siwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya shahara da wani gwaji da za ku iya yi yau. Kofi biyu iri ɗaya, ruwa daidai, yaro ya yarda daidai suke. A juye ɗaya a dogon kofi siriri a gaban idonsa. Yawancin yara 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai za su ce na dogon ya fi yawa. Ko kun mayar da ruwan ya ga ya koma daidai, kuna sake juyewa zai iya maimaita maganarsa.

Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin basira ba. Idonsa yana bin tsawo ne ya manta da faɗi. Kada ku matsa, kada ku yi masa dariya, kada ku kwatanta shi da yayansa. Ku ba shi kofuna masu siffa daban-daban ya yi ta juye-juye lokacin wanka, ku sake gwadawa bayan watanni. Ni a ganina mafi munin abu shi ne a tilasta masa haddace amsar da bai gani ba, domin daga nan yake koyon faɗin abin da ake so a ji.

Bayanin da za ku ba shi ya zama gajere amma gaskiya. Idan ya ce me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, ku ce tare suke tashi, haske ne ya fi sauti gudu. Ku zauna a cikin ɗaki ku ƙirga tare daga walƙiya zuwa ƙara: sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. Na ga yaron da ke toshe kunne da tsoron tsawa ya koma jiran ta zo don ya ƙirga.

Abin da ba wasa a cikinsa

Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da bokiti ko robar ruwa ko na minti ɗaya. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. A zubar da zarar an gama. Maganaɗisu ya zama babba wanda ba zai shiga baki ba, domin idan aka haɗiye ƙanana guda biyu suna iya manne hanji su huda shi. Ƙaramin batirin agogo ma haka, yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Idan ana zargin an haɗiye ɗayansu, asibiti kai tsaye. Iri da tsakuwa a nesanta su daga 'yan ƙasa da shekara uku. Ba a kallon rana kai tsaye, balle ta cikin gilashin ƙara girma. Ba a haɗa ruwan bilic da wani sinadarin wanki ko ruwan kal, yana fitar da iska mai guba. Sannan a kafa doka tun farko: abin gwaji ba a kai shi baki sai babba ya ce.

Gwajin ɗaki mai duhu

Wannan na 'yan shekara shida zuwa sama ne, kuma shi na fi so. Ku tambayi yaro, “Idan ɗaki ya yi duhu ƙirin, idonka zai saba ya ga kaya?” Da yawa za su ce e, domin suna jin kamar gani daga ido yake fita. Manyan masana ma sun daɗe suna zaton haka, har Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido.

Ku zaɓi ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon wuri mai hasken rana. Ku toshe tagar da kwali mai kauri, ku liƙe gefuna, ku toshe ƙasan ƙofa da ƙyalle. Ku huda rami ɗaya a tsakiyar kwalin, faɗinsa kamar santimita 1. Ku kashe fitila ku zauna minti biyar ido ya saba. Ku riƙe farar takarda ko farin zani kamar taku ɗaya ko biyu daga ramin, kuna matsowa kuna ja baya. Hoton waje zai bayyana a kai da kalarsa, amma a kife: sama a ƙasa, bishiya kai a ƙasa. Haske a miƙe yake tafiya, don haka wanda ya taso daga saman bishiya yana ratsa ramin ya sauka ƙasan takardar, na gindinta ya hau sama.

Ku tura wani ya fita waje ya ɗaga hannu yana tafiya, yaro ya kalle shi yana yawo a kife. Kafin ku ƙara faɗin ramin, ku sa shi ya canka abin da zai faru. Hoton zai ƙara haske amma ya dusashe. Idan kuka liƙa takarda mai ƙaramin rami a kai, zai fito tsaf amma ya yi duhu. Ku bar masa kwalin da takardun, ya huda rami na biyu a gefen na farko ya ga abin da zai bayyana.